Yadda zaka gyara suna da lambar waya a cikin furosija ta MySQL kafin su shiga tebur

Duk wanda ya taɓa riƙe rumbun bayanan makaranta ko asibiti ko wata ƙungiya ya san irin abinda ake turowa. Suna ɗaya zai zo da manyan baƙaƙe duka, wani da ƙanana, wani an danna tazara har sau uku tsakanin sunan yaro da na babansa, lambar waya kuma wani ya fara da 0, wani da +234, wani kuma Excel ya cinye masa sifilin farko tun kafin ya iso wajenka. In ka bari suka shiga tebur a haka to ranar da za'a tura saƙo ga iyaye ko a buga katin sakamako ne zaka gane aikin da ke gabanka. Shiyasa na fi son a tace su tun a bakin ƙofa, kamar yadda ake tsince tsakuwar shinkafa kafin a zuba a tukunya, kuma wajen da ya fi dacewa da wannan aikin shine furosija, wato jerin umarnin SQL da ake ba suna a dinga kira, da aka ajiye a cikin databes ɗin kanta, wato rumbun bayanan, domin ko daga fom ɗin intanet bayanin ya fito ko daga manhajar waya, hanya ɗaya zai bi.

Zamu gina furosija guda ɗaya, rijistar_dalibi, wadda zata karɓi suna da lambar waya yadda suka zo da dattinsu, ta gyara, ta ajiye, ta dawo mana da lambar rijista. MySQL zan yi amfani da shi, tun fitowar 5.0 a 2005 yake da furosija. In XAMPP kake amfani da shi to ka sani MariaDB ce a ciki, amma kusan duk abinda ke nan zai yi aiki a kanta.

Mataki na 1: tebur

```sql
CREATE TABLE dalibai (
  id INT AUTO_INCREMENT PRIMARY KEY,
  lambar_rijista VARCHAR(20),
  cikakken_suna VARCHAR(200) NOT NULL,
  sunan_farko VARCHAR(60) NOT NULL,
  sunan_tsakiya VARCHAR(120),
  sunan_karshe VARCHAR(60),
  waya VARCHAR(14)
) CHARACTER SET utf8mb4;
```

Waya VARCHAR ce, kar ka kuskura ka sa INT, sifilin farko zai tafi kuma ba lissafi za'ayi da ita ba ai. Ban sa mata UNIQUE ba da gangan, gida ɗaya zaka samu yara biyar duk da lambar baban ake musu rijista. Sai utf8mb4 ɗinnan, MySQL 8.0 da ita yake zuwa amma 5.7 da na baya latin1 ne tsohon saitinsu, kuma latin1 bata san ƙ da ɗ da ɓ ba, ko dai ta maida su alamar tambaya ko ta ƙi karɓa gaba ɗaya. Databes ɗin ma ka tabbata utf8mb4 ce kafin ka ƙirƙiri furosijar, saboda faramitocinta suna gadon saitin da databes take da shi ne a lokacin da aka ƙirƙire ta, in ka canza daga baya sai ka goge furosijar ka sake yi.

Mataki na 2: ƙashin furosijar da bayyana bariyabul

```sql
DELIMITER $$
DROP PROCEDURE IF EXISTS rijistar_dalibi$$
CREATE PROCEDURE rijistar_dalibi(
  IN  p_suna  VARCHAR(200),
  IN  p_waya  VARCHAR(60),
  OUT p_lamba VARCHAR(20)
)
BEGIN
  DECLARE v_suna, v_saura, v_cikakke VARCHAR(200);
  DECLARE v_kalma, v_farko, v_karshe VARCHAR(60);
  DECLARE v_tsakiya VARCHAR(120);
  DECLARE v_waya VARCHAR(60);
  DECLARE v_adadi INT DEFAULT 0;
  DECLARE v_id INT;

  -- sauran matakan duk nan zasu shiga

END$$
DELIMITER ;
```

DELIMITER ba umarnin SQL bane, na manhajar da kake rubutu a ciki ne, kana gaya mata kar ta yanke magana a wajen alamar ; ta farko da ta gani. Ta jira sai $$. A phpMyAdmin akwai ɗan akwati a ƙasan wajen rubutu da zaka sa $$ ɗin. In kuma daga PHP kake tura CREATE PROCEDURE kai tsaye to baka buƙatarsa kwata-kwata, in ka sa ma kuskure zai baka.

DECLARE dole su zo a saman BEGIN kafin duk wani SET ko IF ko SELECT, in ka cusa ɗaya a tsakiya zai ƙi, kuma saƙon kuskuren ba zai gaya maka dalili a fili ba, kawai zai ce rubutunka ba daidai ba kusa da wuri kaza. Duk wanda baka ba DEFAULT ba kuma da NULL yake farawa, ba da rubutu fanko ba, ba da sifili ba. Ka riƙe wannan da kyau don rabin matsalar da zamu tattauna daga nan take fitowa.

Yanzu maganar p_ da v_ da na liƙa a gaban sunaye. Ba ado bane. A MySQL in sunan bariyabul ya zo ɗaya da sunan kolom na tebur, bariyabul ɗin ne yake cin nasara. A ce faramitarka sunanta id kuma ka rubuta DELETE FROM dalibai WHERE id = id, to MySQL faramitar yake kwatantawa da kanta, kullum gaskiya ne, ɗalibai duka zasu tafi kuma ba wani gargaɗi da zaka gani. Harafi biyu kawai ke raba ka da wannan.

Akwai kuma masu @ a gaba, irin @lamba. Su ba'a musu DECLARE, kuma basa mutuwa in furosija ta ƙare, suna nan da abinda ke cikinsu har sai an rufe haɗin da sabar. Mutane da yawa suna amfani da su a cikin furosija don gudun wahalar DECLARE, ni dai bana so, domin kira na biyu zai iya tarar da ragowar kira na farko a ciki, sunan wani yaro ya bi wani. Ka bar su don karɓar sakamako daga waje kawai.

Wajen zuba ƙima, SET v_suna = wani_abu da SET v_suna := wani_abu duk ɗaya ne. A cikin SELECT ne = yake zama tambaya, wato shin wannan daidai yake da wancan, ya dawo da 1 ko 0. Salon nan na SELECT @x := kaza da ake gani a tsofaffin darussa yana aiki har yanzu amma tun 8.0.13 MySQL suka ce zasu cire shi nan gaba, kar ka gina sabon aiki a kansa.

Mataki na 3: wanke sunan

```sql
  SET v_suna = COALESCE(p_suna, '');
  SET v_suna = REPLACE(v_suna, '\t', ' ');
  SET v_suna = REPLACE(v_suna, '\r', ' ');
  SET v_suna = REPLACE(v_suna, '\n', ' ');
  SET v_suna = REPLACE(v_suna, '’', '''');

  WHILE LOCATE('  ', v_suna) > 0 DO
    SET v_suna = REPLACE(v_suna, '  ', ' ');
  END WHILE;

  SET v_suna = TRIM(v_suna);

  IF v_suna = '' THEN
    SIGNAL SQLSTATE '45000' SET MESSAGE_TEXT = 'Ba a rubuta suna ba';
  END IF;
```

Zaka iya haɗa duk REPLACE ɗinnan ɗaya cikin ɗaya a layi guda, kuma zaka ga masu yin haka, amma ranar da abu ya lalace zaka zauna kana ƙirga baka-biyu da yatsa a kan allo. Layi ɗaya aiki ɗaya, in kana son ganin inda ya karkace sai ka tsaya a tsakanin layi biyu ka leƙa.

Abinda yake yaudarar mutane shine TRIM. Tazara kawai yake cirewa a gefe da gefe. Baya taɓa alamar tab, baya taɓa alamar sauka layi da fayil ɗin CSV na Windows yake bari a ƙarshen kowane layi, ka duba da ido ka ga suna lafiya lau amma WHERE ya ce babu shi. Shiyasa muka fara maida su tazara sannan muka kira TRIM a ƙarshe.

WHILE ɗin kuma saboda REPLACE sau ɗaya baya isa ne, tazara uku in ka maida biyu zuwa ɗaya saura biyu, sai an sake zagayowa. LOCATE yana dawo da wurin da ya samu abin, in bai samu ba ya dawo da 0. Ka lura shi abinda ake nema ake fara bashi sannan inda za'a nema, ɗan'uwansa INSTR kuma akasin haka ne, in ka juya su ba kuskure zai baka ba, 0 kawai zai dinga dawo maka da shi.

Layin alamar ɗaurin nan ya shafe mu sosai. Isma'il, Sa'adatu, Mas'ud, Rabi'u. Wasu wayoyi da kuma Word suna lanƙwasa alamar, kibod ɗin kwamfuta kuma miƙaƙƙiya yake bayarwa, a ido kusan ɗaya ne amma haruffa biyu ne daban, sai mu maida su iri ɗaya. Alamomi huɗu a jere da ka gani ma'anarsu alama ɗaya ce a cikin rubutu, biyu na gefe su ne bango, biyu na tsakiya su ne ita.

COALESCE da muka fara da shi ma yana da dalili. In p_suna ta zo NULL kuma bamu tare ta ba, duk REPLACE da TRIM NULL zasu dawo da shi, kuma IF v_suna = '' ba zai kama ba saboda NULL ba ya zama daidai da komai, sai ta wuce ta gaban mai gadi salin-alin.

Mataki na 4: babban harafi a farkon kowace kalma

MySQL bashi da fankshan na wannan, PostgreSQL da Oracle suna da INITCAP, mu sai mun yi da hannu. Zamu dinga yanko kalma ɗaya daga gaba muna gyarawa muna jerawa.

```sql
  SET v_saura = v_suna;
  SET v_cikakke = NULL;

  WHILE v_saura <> '' DO
    SET v_kalma = SUBSTRING_INDEX(v_saura, ' ', 1);
    SET v_saura = SUBSTRING(v_saura, CHAR_LENGTH(v_kalma) + 2);
    SET v_kalma = CONCAT(UPPER(LEFT(v_kalma, 1)),
                         LOWER(SUBSTRING(v_kalma, 2)));
    SET v_cikakke = CONCAT_WS(' ', v_cikakke, v_kalma);
  END WHILE;
```

Nan zan ɗan daɗe don nan ne ainihin darasin yake. SUBSTRING_INDEX da 1 yana baka duk abinda ke gaban tazarar farko, in babu tazara ya baka rubutun gaba ɗaya, wanda shine muke so a kalmar ƙarshe. SUBSTRING kuma daga 1 yake ƙirga ba daga 0 ba, masu zuwa daga PHP ko JavaScript ku kula, in ka bashi 0 fanko zai dawo maka da shi. Mun ƙara 2 ne saboda mu tsallake kalmar da tazarar da ke bayanta. In lissafin ya wuce ƙarshen rubutu fanko yake bayarwa, a nan ne zagayen yake tsayawa.

To me yasa CHAR_LENGTH ba LENGTH ba? LENGTH bayit yake ƙirgawa, CHAR_LENGTH haruffa. A rubutun Turanci zalla duk ɗaya ne shiyasa darussa da yawa basa damuwa, amma ƙ da ɗ da ɓ da ƴ kowannensu bayit biyu ne a utf8mb4. Gwada ka gani:

```sql
SELECT LENGTH('ƙasimu'), CHAR_LENGTH('ƙasimu');
```

Na farko 7, na biyu 6. Yanzu ɗauki 'ƙasimu bello sani', in LENGTH ka sa a zagayen nan, 7 da 2 tara kenan, alhali b ɗin bello a wuri na 8 yake, sai yankan ya fara daga e. Abinda zai shiga tebur shine Ƙasimu Ello Sani. Ba kuskure a allo, ba gargaɗi, kuma duk gwajin da kayi da Musa da Aisha ya wuce lafiya, sai ranar da uban yaro ya riƙe takarda ya ce wannan ba sunana bane. Sunan mutum ba abin wasa bane, wani da wannan rubutun zai tafi har takardar shedar kammala karatu. Duk inda lissafin wuri ya shigo a rubutun Hausa, CHAR_LENGTH.

Sai CONCAT da CONCAT_WS. CONCAT in ko ɗaya daga abubuwan da ka bashi NULL ne to sakamakon gaba ɗaya NULL ne. Da CONCAT muka sa a layin ƙarshe, v_cikakke ta fara da NULL, zata ƙare da NULL komai yawan zagayen. CONCAT_WS shi tsallake NULL yake yi, kuma baya sa tazarar a wurin, shiyasa na bar v_cikakke a NULL da gangan, zagayen farko kalmar kaɗai ke shiga ba tazara a gabanta. Amma rubutu fanko baya tsallake shi, da '' muka fara da sunan ya fito da tazara a gaba. In ka samu kanka da fanko kana son ya zama NULL, NULLIF(v_abu, '') ne maganin.

Kar kuma ka haɗa rubutu da + ko da ||. A MySQL + lissafi ne zalla, '080' + '3' amsarsa 83. Shi kuma || ma'anarsa OR ce sai dai in an kunna saitin PIPES_AS_CONCAT.

Wuri ɗaya da wannan dabarar take gazawa shine sunan da ya fara da alamar ɗauri, irin 'Yar ko 'Yan kaza, LEFT zai ɗauko alamar ne, y ɗin ya koma ƙarami. In kana da irinsu ka ƙara IF da zai duba ko harafin farko alama ce sai ya ɗaga haruffa biyun farko.

Mataki na 5: raba sunan gida uku

```sql
  SET v_adadi = CHAR_LENGTH(v_cikakke)
              - CHAR_LENGTH(REPLACE(v_cikakke, ' ', '')) + 1;

  SET v_farko = SUBSTRING_INDEX(v_cikakke, ' ', 1);

  IF v_adadi >= 2 THEN
    SET v_karshe = SUBSTRING_INDEX(v_cikakke, ' ', -1);
  END IF;

  IF v_adadi >= 3 THEN
    SET v_tsakiya = SUBSTRING(v_cikakke,
        CHAR_LENGTH(v_farko) + 2,
        CHAR_LENGTH(v_cikakke) - CHAR_LENGTH(v_farko)
          - CHAR_LENGTH(v_karshe) - 2);
  END IF;
```

Ƙirga kalmomi dabara ce tsohuwa, ka cire tazara ka ga nawa tsawon ya ragu, ka ƙara ɗaya, kuma tana aiki ne kawai saboda mun riga mun matse tazarar a mataki na 3. Lamba mai ragi a SUBSTRING_INDEX daga dama take ƙirgowa. IF na farko yana hana yaron da aka rubuta masa suna ɗaya tak ya zama Musa Musa.

Gaskiyar magana wannan rabon ba zai taɓa zama daidai ɗari bisa ɗari ba a sunayenmu. Abdul Aziz wani ya rubuta a haɗe wani a rabe, Ɗan Asabe kalma biyu ne suna ɗaya, wani sunan garinsu ne a ƙarshe kuma garin ma kalma biyu ne kamar Birnin Kudu. Shiyasa na ajiye cikakken_suna daban, shi za'a buga a takarda, rabon nan don jerawa da nema ne kawai. In kana da iko da fom ɗin ma gara ka bada akwati uku tun farko mutum ya raba da kansa.

Mataki na 6: lambar waya

```sql
  SET v_waya = SUBSTRING_INDEX(COALESCE(p_waya, ''), '/', 1);
  SET v_waya = REGEXP_REPLACE(v_waya, '[^0-9]', '');

  IF CHAR_LENGTH(v_waya) = 13 AND LEFT(v_waya, 3) = '234' THEN
    SET v_waya = CONCAT('0', SUBSTRING(v_waya, 4));
  ELSEIF CHAR_LENGTH(v_waya) = 14 AND LEFT(v_waya, 4) = '2340' THEN
    SET v_waya = SUBSTRING(v_waya, 4);
  ELSEIF CHAR_LENGTH(v_waya) = 10 AND LEFT(v_waya, 1) <> '0' THEN
    SET v_waya = CONCAT('0', v_waya);
  END IF;

  IF v_waya = '' THEN
    SET v_waya = NULL;
  ELSEIF CHAR_LENGTH(v_waya) <> 11 OR LEFT(v_waya, 1) <> '0' THEN
    SIGNAL SQLSTATE '45000' SET MESSAGE_TEXT = 'Lambar waya ba daidai ba';
  END IF;
```

Layin farko na masu rubuta lamba biyu a akwati ɗaya ne, ta baba da ta mama da sanda a tsakani, mun ɗau ta farko. Na biyu yana share duk abinda ba lamba ba, +, tazara, ɗan layi, har da haruffan nan marasa ganuwa da suke biyo lamba in an kwafo ta daga waya. REGEXP_REPLACE sai MySQL 8.0, MariaDB kuma tana da shi tun 10.0.5. In 5.7 ne a hostin ɗinka sai ka koma REPLACE ɗaya bayan ɗaya na kowace alama.

Wata gajeriyar hanya da take jan hankali ita ce REPLACE(v_waya, '234', '0'), kar ka bi ta. REPLACE duk inda ya ga abin yake canzawa ba farko kaɗai ba. Lambar misali 2348002340000 zata koma 080000000, lamba tara, ya cinye 234 na tsakiya. LEFT ya duba gaba, SUBSTRING ya yanke, shikenan.

Reshe na biyu na masu rubuta +234 kuma su bar sifilin ne, suna da yawa. Na uku na Excel ne. Excel yana da wata ɓarnar kuma, lamba mai tsawo irin mai 234 a gaba yakan nuna ta kamar 2.348E+12, in aka ajiye CSV a haka to sauran lambobin sun tafi har abada, bayan shara abinda zai rage 234812 ne, kuma SIGNAL zai tare shi. Haka ya kamata, lambar da ta lalace a ƙi ta a koma a tambayi mai ita, kar furosija ta yi ƙoƙarin cike gurbi da kanta. Wanda bai bada lamba ba kwata-kwata kuma mun bar masa NULL, rashin waya ba zai hana yaro rijista ba.

'Yan uwa na Nijar ku canza lissafin, lambar ƙasa 227 ce kuma lambobin takwas ne, tsarin dai ɗaya ne.

Mataki na 7: ɗauko ƙima daga tebur zuwa bariyabul

Kafin mu saka, mu duba ko an riga an yi masa.

```sql
  SET v_id = NULL;

  SELECT id, lambar_rijista INTO v_id, p_lamba
  FROM dalibai
  WHERE cikakken_suna = v_cikakke AND waya <=> v_waya
  LIMIT 1;
```

SELECT INTO yana da hali biyu da ya kamata ka sani. In ya samo layi fiye da ɗaya zai tsaya da kuskure mai lamba 1172, shine amfanin LIMIT 1. In bai samo komai ba kuma gargaɗi mai lamba 1329 kawai yake bayarwa, kuma baya taɓa bariyabul ɗin, abinda ke ciki da shine zai cigaba da zama. A nan ba wata illa tunda NULL ne dama, amma a cikin zagaye, ɗalibi na biyu da ba'a samu ba zai gaji id ɗin na farko. Don haka ka saba da sa SET v_id = NULL a gabansa ko yaushe. In kana da HANDLER na NOT FOUND, wato umarnin da ke tashi in ba'a samu layi ba, saboda kosa (cursor, mai bin layuka ɗaya bayan ɗaya) a cikin furosijar, ka sani wannan rashin samun ma zai tada shi, zagayenka ya tsaya tun bai gama ba. In ƙima ɗaya kake so, SET v_id = (SELECT id FROM dalibai WHERE ... LIMIT 1) ya fi kwanciyar hankali, shi in babu NULL yake zubawa.

Alamar <=> kuma daidai ce da ta san NULL, tana ɗaukar NULL da NULL a matsayin ɗaya, da = muka sa da yaron da bashi da waya zai shiga sau biyu in aka danna sau biyu.

Mataki na 8: sakawa da haɗa lambar rijista

```sql
  IF v_id IS NULL THEN
    INSERT INTO dalibai
      (cikakken_suna, sunan_farko, sunan_tsakiya, sunan_karshe, waya)
    VALUES (v_cikakke, v_farko, v_tsakiya, v_karshe, v_waya);

    SET v_id = LAST_INSERT_ID();
    SET p_lamba = CONCAT('DL/', YEAR(CURDATE()), '/',
        LPAD(v_id, GREATEST(4, CHAR_LENGTH(v_id)), '0'));

    UPDATE dalibai SET lambar_rijista = p_lamba WHERE id = v_id;
  END IF;
```

IS NULL ake rubutawa, = NULL ba zai taɓa zama gaskiya ba. LAST_INSERT_ID na haɗinka ne kai kaɗai, ko malamai uku suna rijista lokaci guda kowa nasa zai samu, ya fi MAX(id) nesa ba kusa ba. LPAD yana cike sifili a hagu 7 ya zama 0007, amma in lambar ta fi tsawon da ka bashi yanke ta yake yi, 10000 da tsawo 4 zai koma 1000, ɗalibai biyu lamba ɗaya. GREATEST ɗin ne yake hana haka.

Mataki na 9: gwaji

```sql
CALL rijistar_dalibi('  ƙasimu   BELLO sani ', '+234 800 000 0001', @lamba);
SELECT @lamba;
SELECT * FROM dalibai;
```

Ya kamata ka ga Ƙasimu Bello Sani da 08000000001. Sake kiran sa a haka ka tabbata lambar da ya dawo da ita bata canza ba kuma layi bai ƙaru ba. Sai ka jefa masa marasa kyau da gangan, NULL, tazara zalla, suna ɗaya, suna mai kalma biyar, 'Sa''adatu' da alama biyu, lamba mai tara. In ƙ ta fito alamar tambaya to haɗin ne, ka tura SET NAMES utf8mb4, a PDO na PHP kuma ka sa charset=utf8mb4 a layin haɗi.

In wani abu ya ƙi fahimtuwa, cusa wannan na ɗan lokaci bayan layin da kake zargi:

```sql
  SELECT CONCAT('[', v_suna, ']'), CHAR_LENGTH(v_suna), HEX(v_suna);
```

Bangon nan biyu suna nuna tazarar da ta ɓuya a gefe, HEX kuma yana tona harafin da ido baya gani. 20 tazara ce ta gaskiya, 0D alamar komawa farkon layi ce, in ka ga C2A0 to tazarar nan ce da ake kwasowa daga shafin intanet ko Word wadda TRIM bai santa ba, sai ka ƙara wannan a mataki na 3 kafin WHILE:

```sql
  SET v_suna = REPLACE(v_suna, CONVERT(0xC2A0 USING utf8mb4), ' ');
```

Ka tuna ka cire SELECT ɗin gwajin in ka gama, in ba haka ba PHP zai karɓi sakamakon da bai zata ba, kweri na gaba ya ƙi tafiya.

Wanda aikinsa a SQL Server yake, tunanin bai canza ba sai sunaye. Can bariyabul na cikin furosija ma da @ suke kuma ana musu DECLARE a ko'ina, CHARINDEX ne a madadin LOCATE, LEN baya ƙirga tazarar ƙarshe, haruffanmu masu ƙugiya kuma suna son NVARCHAR da N a gaban rubutu kamar N'ƙasimu'. Sannan SELECT @id = id in ya samo layi da yawa ba kuskure zai bayar ba, na ƙarshe zai riƙe yayi shiru, don haka TOP 1 da ORDER BY sun zama dole a can. A PostgreSQL kuma := ake zubawa da shi, || yana haɗa rubutu da gaske, split_part ne yake yanko kalma ta lamba kaza, initcap kuma zai ɗauke maka mataki na 4, sai dai ka gwada shi da Isma'il tukuna don yana ɗaukar alamar a matsayin rabuwar kalma, ya baka Isma'Il.